Golmon Haggai na Biyu

Duk wanda ya bi layin bayan kasuwa a Rikoto ta garin Zuru, kafin ya ga Haggai zai ji shi. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai shiru, sai kuma a ci gaba. Mutanen layin sun saba da ƙarar har sun daina jin ta, sai ran da ta yi shiru ne matan maƙwabta ke leƙowa su tambaya ko lafiya. Maƙerin gwangwani ne, ɗan siririn tsoho da ya haura saba'in, mai wata gajeriyar hula da ba ta rabuwa da kansa sai in za a yi addu'a. Kayan aikinsa ba su cika jaka ɗaya ba: almakashin yankan ƙarfe, ƙaramar guduma, ƙusoshi, dalma, da wani guntun ƙarfen dogo da ya gada wurin wanda ya koya masa sana'ar, a kansa yake daddale komai.

Zamanin da yake tashe, da wuya ka shiga gida a Zuru ka rasa aikin hannunsa. Aci-balbal, mazurarin masu sayar da mai, magogin kuɓewa, gwangwanin awo, indararo. Ran kasuwar Mahuta a bayan keke yake ɗaure kayan, yana tafe suna kiɗa, kafin la'asar ya dawo da igiya kawai. Sai roba ta shigo gari, fitilar caji ta biyo bayanta. Haggai bai taɓa yafe wa roba ba. Har yau in ya ga mace riƙe da mazurarin roba sai ya kau da kai kamar an zage shi, ko da kuwa a coci ɗaya suke zama.

Ƙa'ida ɗaya gare shi, kuma ba a taɓa jin ya karya ta ba. Ba ya sallamar kaya sai ya goge shi da toka da lemun tsami, ya ɗaga ya ga fuskarsa a ciki. In fuska ba ta fito ba, aiki bai ƙare ba, mai kayan ya yi ta tsaki a tsaye. Matarsa Gladys ta fi kowa cin moriyar wannan taurin kan. Ba ta taɓa sayen madubi ba. Ran Lahadi da safe sai ta fito cikin atamfarta, ta ɗauki duk marfin da ya goge, ta ɗaura ɗankwali, ta juya nan ta juya can. Mace ce mai son ado, kuma ta san Allah ya yi mata fuska.

"Baban Beatrice, wannan bai gogu ba," in ji ta, "ya ƙara mini hanci."

Shi kuwa sai ya karɓa ya sake gogewa, alhali ya san ƙarya take yi.

Ba da sauƙi ya same ta ba. A ƙasar Zuru, zamaninsu, saurayi ba ya ɗaukar yarinya sai ya yi wa ubanta golmo, wato ya shekara bakwai yana zuwa da abokansa suna nome wa tsohon gona, kuma zuwa coci ba ya ɗauke wa kowa wannan. To Haggai fa, a faɗi gaskiya, ba manomi ba ne. In ya ja kunya sai ta karkace ta shiga ta maƙwabcinsa, abokansa ne ke biyo baya suna rufa masa asiri. Gladys ke kawo musu kunu gonar, can gindin dutse, ta aje ta tsaya tana dariya har da riƙe ciki. Daga baya ta sha gaya wa mata cewa abin da ya sa ta yarda da shi ke nan: wanda bai iya noma ba amma ya yi ta dawowa damina bayan damina ana yi masa dariya, wannan ko an kore shi ba inda za shi.

Damina biyu da suka wuce, tana tankaɗe a tsakar gida, rariya ta suɓuce daga hannunta. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hagunta ya mutu, bakin ya karkace, wuyan ya ƙi juyawa sai kaɗan, magana ta koma ɗaiɗai da nauyi. Ɗansu Abel soja ne, yana inda aka tura shi. 'Yarsu ta fari Beatrice ce ma'aikaciyar jinya a Minna, ita ta zo da mota ta ɗauki uwar. Babu wanda zai ce ba ta kyauta ba. Haggai ma bai ce ba. Ya dai tsaya bakin layi har motar ta sha kwana, ya koma ya zauna gaban ƙarfensa, ranar bai buga ko ƙusa ɗaya ba.

Ya taɓa bin ta can. Gidan suruki ne, mai tayil da labule, aka shimfiɗa masa katifa a falo. Yana zama gefen gadon matarsa hannuwansa na kan gwiwa, bai san inda zai sa su ba. Wata safiya ya so ya aske gemu, ya duba gidan kaf babu madubi, ko a banɗaki sai ramukan ƙusa a bango. Ya ce a ransa wataƙila sabon yayin birni ne, ya aske da laluben hannu. Da zai dawo ya ce wa Beatrice a ba shi matarsa su tafi gida.

"Gida ina, Baba? Wancan ɗakin? Kwano tsirara a sama, rana ta gasa ta, ƙasa da ƙwari na zubo mata a ido? Sai ran da ɗakin ya zama ɗakin mara lafiya, da silin da komai, sannan mu yi wannan maganar."

Beatrice ta faɗa ne don a rufe zancen. Ta manta da wa take magana.

Abin da ya ƙarasa tunzura shi wata waya ce. Ran Lahadi bayan an taso daga coci Beatrice kan kara wa uwar waya a kunne, shi ya yi ta zuba da yarensu, labarin akuya, labarin wanda ya mutu da wadda ta haihu, ita tana cewa "Uhm." Ranar nan labari ya ƙare masa, don kada a kashe wayar sai ya tambaye ta me take gani a can. Ta daɗe kafin ta haɗa kalmar.

"Fari."

Ya gane. Ya ga silin ɗin da idonsa, farin siminti sumul, ko tsaga babu da ido zai bi. Matar da ba a wuce ƙofar gidanta ba ta san wane ne ba, yanzu tun safe har yamma abin da take kallo ke nan. Tuwon ranar bai ciwu ba.

Washegari ya je wurin Lawwali mai shayi, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa tun suna da baƙin gashi, ya ce daga yau kada ya ƙara yar da gwangwanin madara, musamman manyan na gari. Ya bi masu abinci yana karɓar manyan gwangwanayen tumatir, ya hau mota zuwa Kanya don an ce wani mai man gyaɗa yana da tsofaffin garewani. Lawwali ya zuba ido har tsakar gidan Haggai ta koma kamar juji, sannan ya kasa haƙuri.

"Kai Haggai, mi za ka yi da wanga tarkace? Ko aci-balbal ta dawo ba mu ji ba?"

Haggai ya gaya masa silin zai yi wa ɗakin Gladys da su. Lawwali ya aje ludayin shayi ya yi dariya har ya yi tari.

"Ku dai mutanen dutse ba ku gajiya! Ka yi ma uba golmo ka ƙare, yanzu kuma ɗiya kaka yi ma? Mu hwa sadaki munka ba da, anka shahwa hwatiha, munka wuce wurin."

"Shi ya sa matarka Asama'u ba ta jin maganarka," in ji Haggai. "Da arha ka same ta."

Amma tun daga ranar Lawwali ke wanke gwangwanayen da kansa kafin ya miƙo, kuma sunan ya bi aikin. Duk layin aka riƙa cewa Baba Haggai na golmo na biyu.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Sai ya cire gindin gwangwani da bakinsa, ya tsaga shi ta wurin haɗi, ya buɗe, ya daddale a kan ƙarfen dogo har ya kwanta. Ya yanka shi falle mai kusurwa huɗu, ya naɗe gefuna don kada su yanki hannu. Sannan ya kifa fallen a kan buhun yashi, ɓangaren fenti a sama, ya ɗauki ƙusar da ya dakushe wa baki ya soma bugu. Ta baya ake buga zane don ya taso ta gaba. Don haka yini guda hoton saniya da jan tumatir yake kallo, sai ya gama ya juya sannan ya ga abin da hannunsa ya yi.

Bai san fure irin na littafi ba, abin da ya sani ya buga. Zangarniyar dawa ta fi yawa, don ita ce ta fi yi masa kyau. Ya buga dutsen bayan gonar babanta, da ƙwaryar kunu, da garma, da zabuwa, don Gladys na kiwon zabi kuma ta fi yi musu magana mai daɗi a kan yadda take yi masa. Ya buga wata kunya karkatacciya, yana yi yana murmushi shi kaɗai. Wani fallen kan ɓaci ya yar, wani ya tsage a bugun ƙarshe. Wani lokaci sai ya juya falle ya ga ya fito da kyau, ya ɗaga kai wajen murhu zai ce "Maman Beatrice, duba," sai ya tarar da duwatsun murhun babu ko toka mai ɗumi. Wannan ɗaga kan ya fi komai yi masa ciwo, kuma har aikin ya ƙare bai iya hana kansa ba.

Kewarta ba ta zo masa da kuka ba. A ƙananan abubuwa take tare shi. Ya dafa shayi ya zuba kofi biyu. Ya ji matan zumunta na waƙa a coci, kunnensa na neman muryar da takan riga kowa shiga. Gadonsu kuwa, tun ranar da aka fitar da ita daga kansa bai ƙara kwanciya a kai ba. Ya gyara shimfiɗar, ya rufe da zanenta, ya koma kwana a tabarma cikin shagonsa. In an tambaye shi sai ya ce ɗakin zafi.

Da kaka ta yi, wani kafinta ɗan cocinsu mai suna Ɗanjuma ya zo ya kafa masa katakai a ƙarƙashin kwanon. Suka shimfiɗa zana da kwali a tsakani don su tare zafi, sannan Haggai ya hau benci ya riƙa kafa fallayen ɗaya bayan ɗaya, wuyansa a karye, ƙananan ƙusoshi a bakinsa. Masu zane ya jera su zagaye da ɗakin. Tsakiyar kuwa, daidai saman gado, da wani layi da ya miƙe daga nan har bakin ƙofa, ya bar su sumul babu zane, a cewarsa don ido ya sami wurin hutawa. Su ya fi ba toka da lemun tsami. Ya goge, ya sauko, ya tsaya tsakiyar ɗaki ya ɗaga kai. Ga fuskarsa nan tar, har furfurar gemu. Ya ce to, yanzu aiki ya ƙare.

Lawwali ya shigo ya gani, ya riƙe baki. Ya ɗauki hoto da wayarsa aka tura wa Beatrice, amma hoton bai nuna komai ba sai walƙiya. Asama'u ta ce a gaya mata ita da matan zumunta sun raba kwanaki, wanka da juyi ba za su gagara ba. Beatrice ta yi ta ja, daga ƙarshe ta ce za ta kawo Mama Kirsimeti. Ziyara ce, in ji ta, kada Baba ya sa rai da wani abu. Baba kuwa ya riga ya sa.

Da hantsi motar ta tsaya a bakin layi. Haggai ya sa rigarsa ta coci tun safe. Aka ɗauko Gladys a kujera, ta rame, an ɗaura mata ɗankwali irin ɗaurin da da hannunta ne ba za ta fita da shi ba. Ya rasa me zai ce, sai ya ce mata zabinta sun yi ƙwai. Aka shiga da ita ɗaki, Beatrice da Asama'u suka kwantar da ita rigingine, suka gyara matashi. Hasken ƙofa ya bugi silin, ɗakin duk ya ɗauka. Haggai ya tsaya daga ƙafar gado yana jiran idonta ya kai kan zangarniyar dawa.

Idon bai kai can ba. Sama ya tafi kai tsaye, ya tsaya. Gladys ta ga wata tsohuwa kwance, baki ya zame gefe, ido ɗaya ya sauka, miyau a haɓa. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta taɓa kumatu, tsohuwar ma ta taɓa. Wani sauti ya fito mata daga ƙirji, ta runtse ido, hawaye ya bi ta gefen kunne.

Beatrice ta ɗaga kai, ta ga abin da uwar ta gani, ta dafe ƙirji.

"Wayyo Baba! Me ka yi? Tun da ta kwanta ban bar ta ta ga fuskarta ba. Madubin gidana duk na cire saboda ita. Kai kuma ka kafa mata shi a sama, inda ba ta da ikon kau da kai!"

Sai a lokacin ramukan ƙusan nan na banɗaki suka faɗo masa. Shi da ya yi wata da watanni yana tunanin abin da za ta kalla, bai taɓa kwanciya a gadon ya duba ba. A tsaye ya duba, irin duban maƙeri, ya ga fuska ta fito ya yi murna. Beatrice ta ce a miƙo zane a rufe, ta ce wa direba kada ya sauke sauran kaya. Haggai ya zame ya durƙusa a hagun gadon, ɓangaren da ba ta iya juyowa, ya cire hularsa ya sunkuyar da kai.

Zabi na ta kuka a waje. Can sai aka ji muryarta, da nauyi, kalma na jan kalma.

"Baban... Beatrice. Yaushe... sanƙo ya cinye ka haka?"

Ya ɗago a firgice. Ba shi take kallo ba, ba ta ma iya ba. Sama take kallo. A fallen da ke gefen nata, ga wani tsoho durƙushe da hula a hannu, tsakiyar kansa na ƙyalli. Gefen bakinta mai rai ya motsa. Idonta ya bar shi ya bi layin nan mai sumul a hankali har bakin ƙofa, inda wani mutum ke leƙe yana tsammanin ba a ganinsa.

"Lawwali... ka shigo mana. Leƙe ba kyau."

Asama'u ta fashe da dariya tana share ido. Beatrice ta tsaya da zanen a hannu.

"Mama, bari in rufe, mu koma. Gobe ma..."

"Bari." Ta huta, ta tattaro numfashi. "A can... sai in ji tafiya. Ban san wa ba. Sai an sunkuyo." Ta sake hutawa. "Nan ina ganin ƙofa."

Ta ɗaga yatsa ta nuna fallen da ke daidai fuskarta, ba tare da ta kalle shi ba.

"Wannan ɗaya. Ba na son matar nan. Buga mata dawa."

Haggai bai jira a maimaita ba. Ya jawo benci, ya hau da rigar cocinsa, ya zare ƙusoshin, ɗaya ta faɗi a kan zanen gado. Ya sauko da fallen zai wuce shago, ta ce a'a, nan. Lawwali ya kinkimo buhun yashi ya dire a bakin ƙofa, daidai ƙarshen layin. Beatrice ta daɗe tana kallon uwarta, uwar kuwa hankalinta na can sama. Daga nan ta ninke zanen ta aje, ta fita ta ce wa direba ya shigo da jakar magunguna da sauran kayan, ta kira Asama'u gefe ta soma nuna mata yadda ake juya Mama.

Ya kifa fallen, saniyar madara na kallonsa, ya ɗora ƙusa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Bai mai da hular ba. Ya buga kara, ya buga ganye, ya soma 'ya'yan dawa, sai idonsa ya cika ya daina ganin bakin ƙusar. Ya aje guduma ya sa hannun riga yana gogewa, a zatonsa daga bakin ƙofa babu mai ganinsa.

Daga kan gado muryar ta zo masa.

"Wa ya ce ka tsaya?"